Babban Digiri a Ilimin Gado: Abin da Ya Rage a Koya Bayan An Iya Karanta DNA

A shekarar 1990 ne aka ƙaddamar da aikin karanta kundin gadon ɗan Adam gaba ɗayansa, wato dukkan DNA ɗinsa, sinadarin da ke ɗauke da bayanan da ake gada daga iyaye, aikin da ya haɗa ɗakunan bincike na Amurka da Birtaniya da Faransa da Jamus da Japan da Sin, ya ci shekara 13 da kuɗin da suka kusa Dala biliyan 3 kafin a bayyana kammala shi a 2003. A yau na'ura guda tana iya karanta kundin gadon mutum cikin kwana ɗaya ko biyu a kan abin da bai kai Dala 1,000 ba. Wannan sauyi shi ya kamata duk mai tunanin yin digiri na biyu ko na uku a wannan fanni ya fara fahimta, domin ya ɗauke wahalar daga inda take a da ya mayar da ita wani wuri. Samun bayanan ya yi sauƙi ƙwarai, amma gane abin da suke nufi yana nan da wuyarsa, kuma a ganina horon da ake bayarwa a matakin babban digiri, idan ya amsa sunansa, horo ne na iya bambance abin da aka tabbatar da abin da ake zato kawai.

Fannoni biyu ne ake yawan ambatonsu tare, kuma ko da yake sun cakuɗe a yanzu, tambayoyinsu sun sha bamban. Na farkon shi ne ilimin gado, wanda ke bin diddigin yadda siffa take ratsowa daga iyaye zuwa 'ya'ya, yawanci ta hanyar tsare ƙwayar gado guda ko ƙwayoyi kaɗan a ga abin da suke yi. Tushensa yana komawa ga Gregor Mendel, wanda ya wallafa sakamakon gwajinsa a kan tsiron wake a 1866 ba tare da an kula da shi ba sai a 1900, sannan ga Thomas Hunt Morgan da ɗalibansa a Jami'ar Columbia, waɗanda suka yi amfani da ƙananan ƙudaje tun daga 1910 suka nuna cewa ƙwayoyin gado suna jere ne a kan kuromosom, wato dogayen zaruruwan DNA da ke cikin ƙwayoyin jiki. Na biyun shi ne ilimin kundin gado, wanda ke kallon dukkan DNA ɗin halitta a lokaci guda, yana kwatanta na mutum da na mutum, ko na wani jinsin halitta da na wani. Wannan bai yiwu ba sai da aka san sigar DNA a 1953, ta aikin James Watson da Francis Crick wanda ya dogara a kan hotunan da aka ɗauka a ɗakin gwajin Rosalind Franklin, sannan Frederick Sanger ya fito da hanyar karanta haruffanta a 1977.

Haruffan guda huɗu ne, A da C da G da T, kuma kundin gadon mutum yana ɗauke da kusan biliyan 3 daga cikinsu a jeri, an raba su cikin kuromosom 23, inda kowane mutum yake da kwafi biyu, ɗaya daga uwa ɗaya daga uba. Ƙwayoyin gadon da ke ba da umarnin haɗa furotin kusan 20,000 ne, adadin da ya gaza hasashen masana da yawa kafin a yi aikin, kuma wurin da suka mamaye bai kai kashi 2 cikin 100 na kundin ba. Sauran ya ƙunshi sassan da ke kunna ƙwayoyin gado ko kashe su a lokacin da ya dace, da jerin haruffa masu maimaita kansu, da guntayen DNA masu tashi daga wuri zuwa wuri irin waɗanda Barbara McClintock ta gano a masara, da kuma tarin sassan da har yanzu ake taƙaddama a kan amfaninsu. Ɗalibin digiri na farko yana haddace waɗannan alƙaluma ya rubuta jarrabawa ya wuce. Ɗalibin digiri na uku kuwa ana sa ran ya zaɓi lungu guda daga cikin abin da ba a sani ba, ya yi shekaru a kansa, ya fito da amsar da sauran masana za su iya gwadawa su same ta daidai.

Tsarin karatun ya bambanta daga ƙasa zuwa ƙasa. Digiri na biyu yakan ɗauki shekara ɗaya zuwa biyu, rabinsa darussa ne rabinsa ƙaramin bincike, kuma mutane da yawa suna yin sa ne don su ƙware a sana'a guda, kamar sarrafa bayanan halitta da kwamfuta ko ba iyalai shawara a kan cututtukan gado, sana'ar da aka fara koyar da ita a wannan mataki a Kwalejin Sarah Lawrence ta Amurka a 1969. Digiri na uku a Amurka yakan kai shekara biyar zuwa shida: ɗalibi yana shekarar farko yana ɗaukar darussa yana kuma zagaya ɗakunan gwaji biyu ko uku, yana 'yan watanni a kowanne kafin ya tsayar da wanda zai zauna a ciki, sannan ya fuskanci jarrabawar cancanta inda yake kare shirin bincikensa a gaban kwamitin malamai. A Birtaniya da yawancin ƙasashen Turai shekara uku zuwa huɗu ne, kuma sau da yawa ana ɗaukar ɗalibi ne kai tsaye a kan aikin da aka riga aka tsara. Kowane tsari da abin da yake saye da abin da yake sayarwa, domin na farkon yana ba mutum damar ya ga malami da idonsa kafin ya ɗaure kansa da shi, na biyun kuma yana rage shekaru amma yana buƙatar mutum ya zo da shirinsa. Bai kuma kamata a raina abin da ɗalibi zai iya yi a waɗannan shekaru ba, tunda Carol Greider ɗalibar digiri na uku ce a ɗakin gwajin Elizabeth Blackburn a Berkeley lokacin da suka gano sinadarin da ke gyara bakin kuromosom a 1984, aikin da ya kai su ga lambar yabo ta Nobel a 2009.

Babu misalin da ya fi cutar amosanin jini, wato sikila, nuna yadda tunanin wannan fanni yake tafiya, don haka ya cancanci a tsaya a kansa. A 1949 Linus Pauling da abokan aikinsa suka nuna cewa furotin ɗin da ke ɗaukar iskar numfashi a jinin masu cutar ya bambanta da na sauran mutane. A tsakiyar shekarun 1950 Vernon Ingram ya gano cewa bambancin tubali guda ne tak a matsayi na shida na sarƙar furotin ɗin, daga baya kuma aka ga cewa harafi ɗaya ne ya sauya a ƙwayar gadon da ake kira HBB a kan kuromosom na 11, inda GAG ya koma GTG. A 1954 Anthony Allison ya kawo hujjar cewa mai kwafi ɗaya na wannan sauyi yana samun kariya daga zazzaɓin cizon sauro mai tsanani, wanda shi ya bayyana dalilin yawaitarsa a yankunan da zazzaɓin ya daɗe yana kisa. Har nan labarin yana tafiya kamar yadda Mendel ya tsara: idan uwa da uba duka suna ɗauke da kwafi ɗaya, kowane ciki yana da yiwuwar ɗaya cikin huɗu na zuwa da ɗa mai cutar.

Sai dai likitoci sun daɗe da lura cewa mutum biyu masu wannan sauyi iri ɗaya ba sa shan wahala iri ɗaya, wani yana yawan kwanciya a asibiti, wani kuma yana samun sauƙi. Ɗaya daga cikin dalilan shi ne wasu mutane jikinsu yana ci gaba da haɗa wani kaso na irin furotin ɗin da jariri yake amfani da shi a cikin mahaifa, wanda a al'ada yake raguwa cikin watannin farko bayan haihuwa, kuma wannan furotin yana hana ƙwayoyin jini lanƙwashewa. Ilimin gado na gargajiya ya san da haka, amma bai san makunnin ba. Binciken da ya kwatanta kundin gadon dubban mutane a 2007 da 2008 ne ya nuna yatsa ga wata ƙwayar gado mai suna BCL11A, wadda ba a kan kuromosom na 11 take ba, sannan gwaje-gwajen ɗakin bincike suka tabbatar da cewa ita ce ke kashe furotin ɗin jarirai. Da Jennifer Doudna da Emmanuelle Charpentier suka bayyana dabarar CRISPR ta yanka DNA a wurin da ake so a 2012, sai aka sami hanyar raunana wannan makunni a cikin ƙwayoyin ɓargon majiyyaci, kuma a ƙarshen 2023 hukumomin lafiya na Birtaniya da Amurka suka amince da maganin Casgevy da aka gina a kan haka. Shekara 74 ke nan tsakanin aikin Pauling da maganin, a kan cutar da harafi ɗaya ne asalinta, kuma maganin da aka samu farashinsa a Amurka ya haura Dala miliyan 2, yana kuma buƙatar a fara share ɓargon majiyyaci da magunguna masu ƙarfi, abin da ya sa mafi yawan masu fama da cutar a duniya ba su da hanyar kai wa gare shi. Rage wannan tazara ma aikin bincike ne da ke jiran masu yin sa.

Yawancin abubuwan da mutane ke gada ba su da sauƙin sikila. Tsawon mutum da hawan jini da ciwon suga da taɓin hankali iri-iri suna gudana a cikin dangi, amma ba sa bin lissafin ɗaya cikin huɗu. Ronald Fisher ya warware wannan a 1918, inda ya nuna ta hanyar lissafi cewa idan ƙwayoyin gado masu ɗimbin yawa suka haɗu, kowace tana ba da gudummawa 'yar kaɗan, tare da tasirin muhalli, abin da za a gani shi ne siffa mai hawa-hawa kamar tsawo. Sai bayan shekara 100 aka ga girman abin a zahiri. Wani bincike da aka wallafa a 2022, wanda ya tattara bayanan mutum miliyan 5.4, ya gano wurare kusan 12,000 a kundin gado da ke da alaƙa da tsawon mutum, kuma tasirin mafi yawansu ɗan ƙanƙani ne ainun. Saboda haka duk lokacin da aka ji labarin an gano “ƙwayar gadon” basira ko ta wani hali, mai horo a fannin yakan fara da tambayar mutum nawa aka gwada, kuma ko wasu sun maimaita binciken sun sami abu ɗaya.

A nan ne ilimin ƙididdiga yake zama kashin bayan karatun, kuma a nan ne ɗalibai da yawa da suka shigo don ƙaunar ilimin halittu suke cin karo da abin da ba su shirya masa ba. A ƙa'idar da aka saba, ana karɓar sakamako idan yiwuwar samunsa bisa dace kawai ba ta wuce 5 cikin 100 ba. Amma mai binciken kundin gado ba tambaya ɗaya yake yi ba, yana gwada wurare kimanin miliyan ɗaya ne a lokaci guda, kuma idan ya riƙe wancan ma'auni zai sami wurare 50,000 da za su nuna kamar suna da alaƙa da cutar alhali babu komai tsakaninsu. Shi ya sa aka tsaurara ma'aunin zuwa 5 cikin miliyan 100, kuma shi ya sa ake buƙatar dubban ɗaruruwan mutane, irin rumbun bayanai na UK Biobank da ya tattara kusan mutum 500,000 a Birtaniya tsakanin 2006 da 2010. Kafin a koyi wannan darasi, an cika mujallu a shekarun 1990 da farkon 2000 da rahotannin da suka danganta ƙwayar gado kaza da hali kaza bisa gwajin mutum ɗari biyu ko uku, kuma mafi yawansu sun rushe da aka sake gwada su a kan jama'a mai yawa.

Ko da sakamako ya tsallake wannan shinge, alaƙa ce kawai aka samu, ba a kai ga sanadi ba tukuna. Ana gadon DNA ne gunduwa-gunduwa, don haka harafin da ya haska a lissafi yana iya zama maƙwabcin mai laifin ne kawai, kuma galibin waɗannan haruffa suna faɗawa ne a sassan da ba sa haɗa furotin, inda ba a san kai tsaye wace ƙwayar gado suke juyawa ba. Akwai kuma wani tarko da ya fi wannan ɓoyuwa. Idan majiyyatan da aka tattara sun fito daga wata al'umma, masu lafiyar da ake kwatanta su da su kuma daga wata, to duk harafin da ya fi yawa a al'ummar farko saboda tarihinta zai bayyana kamar shi ne ke kawo cutar. Koyon gano irin wannan ruɗani da gyara shi yana cikin abin da ke raba wanda ya iya danna manhaja da wanda ya san abin da manhajar take yi.

Yana da kyau a duba aikin yau da kullum kurkusa, domin wanda ke waje yakan zaci na'ura ce take karanta kundin daga farko zuwa ƙarshe ta miƙo amsa. Abin da ke faruwa shi ne a ciro DNA daga jini ko yawu, a daddatsa ta, sannan na'ura irin ta kamfanin Illumina ta karanta guntaye masu haruffa kimanin 150 kowanne, ɗaruruwan miliyoyinsu, ba tare da ta san daga ina kowanne ya fito ba. Aikin kwamfuta ne ta ɗauki kowane guntu ta nemo masa gurbinsa a kan kundin da aka ajiye a matsayin madubi, kuma saboda na'urar tana kuskure jefi-jefi, ana son a karanta kowane wuri kamar sau 30. Ɗaliba tana zaune gaban allo tana kallon wuri guda: guntaye 30 sun jeru a kan juna, 16 sun ce A, 14 sun ce G, sai ta yarda cewa mutumin ya gaji A daga ɗaya cikin iyayensa, G kuma daga ɗayan. A wani wurin kuwa 28 sun ce A, biyu kacal suka ce G, kuma biyun duk a bakin guntu suke inda karatun na'ura ya fi rauni, to wannan ta san kusan tabbas kuskure ne. Amma idan samfurin daga ƙarin ciwon daji aka ciro shi, waɗannan biyun suna iya zama alamar wani ƙaramin rukunin ƙwayoyin daji da ya soma sauyawa, kuma watsi da su yana iya zama watsi da abin da ake nema. Mutum guda yana bambanta da madubin a wurare miliyan 4 zuwa 5, kuma daga cikin wannan tari ne ake neman ɗaya ko biyu da suka sa yaro rashin lafiya.

Kurakuran ma ba duka ne suke da zurfi ba. Manhajar Excel ta kasance tana mayar da sunayen wasu ƙwayoyin gado kamar SEPT2 da MARCH1 zuwa kwanan wata da kanta, kuma wani bincike na 2016 ya tarar da irin wannan ɓarna a kusan kashi ɗaya cikin biyar na maƙalun da ya duba masu ɗauke da jerin sunaye a wannan manhaja, har ta kai kwamitin da ke raɗa wa ƙwayoyin gadon ɗan Adam suna ya sauya sunayen, ya kuma fitar da sabuwar ƙa'ida a 2020. Wannan ne dalilin da ya sa ake matsa wa ɗalibi ya koyi rubuta umarnin kwamfuta da Python ko R, ya ajiye kowane mataki a rubuce, ta yadda wani zai iya ɗaukar bayanan ya bi sawunsa ya isa inda ya isa.

Kwamfuta takan tsaya ne a kan zato mai ƙarfi, tabbatarwa kuma sai an koma teburin gwaji. Da yake ba a gwada sauya gado a kan mutane don tabbatar da zato, ana amfani da yis da tsutsa da ƙuda da kifi da ɓera, ko ƙwayoyin jikin mutum da ake rainonsu a faranti, a kashe ƙwayar gadon da ake zargi ko a dasa mata harafin da aka gani a majiyyaci, a ga ko abin da ake tsammani zai faru. Wannan ɓangare yana cin lokaci, gwaji yakan lalace sau da dama kafin ya yi kyau, kuma watanni suna iya wucewa ba a sami komai ba. Ba dole ne kowane ɗalibi ya ƙware a ɓangarorin biyu daidai wa daida ba, amma mai aikin kwamfuta da bai san yadda aka samo samfurinsa ba, da mai aikin tebur da ba ya iya duba lissafin da aka yi masa, dukansu suna dogara ne a kan abin da ba za su iya tantancewa ba.

Akwai giɓin da ya kamata mai shiga fannin ya sani tun da wuri, domin yana shafar ingancin ilimin kansa. Mafi rinjayen mutanen da aka yi manyan binciken kundin gado a kansu 'yan asalin Turai ne, alhali al'ummomin Afirka ne suka fi kowa bambancin gado a tsakaninsu, tunda a nan ɗan Adam ya fi daɗewa. Sakamakon haka a bayyane yake a binciken tsawon nan na 2022, inda wuraren da aka gano suka bayyana kusan kashi 40 cikin 100 na bambancin tsawo a tsakanin 'yan asalin Turai, amma kashi 10 zuwa 20 kawai a sauran al'ummomi. Shi kansa madubin da ake kwatanta kowa da shi, kusan kashi 70 cikin 100 nasa daga mutum guda aka samo shi, kuma sai a 2022 aka cike kusan kashi 8 cikin 100 da ya rage ba a karanta ba, sannan a 2023 aka fitar da daftarin sabon madubi da ya haɗa kundin mutum 47 daga al'ummomi daban-daban. Asarar da ke cikin wannan giɓi ta kowa ce. Wani bincike a birnin Dallas ya gano a 2005 cewa wasu baƙaƙen fata na Amurka suna ɗauke da sauyin da ke kashe ƙwayar gadon PCSK9, abin da ya sa kitsen jininsu mai cutarwa yake ƙasa sosai ba tare da wata illa bayyananniya ba, kuma wannan ya taimaka wajen samar da magungunan rage kitsen jini da aka amince da su a 2015, waɗanda mutane na kowace al'umma suke amfana da su. Shirin H3Africa, wanda Cibiyoyin Lafiya na Amurka da gidauniyar Wellcome suka ɗauki nauyinsa, an kafa shi ne don masana na nahiyar su jagoranci irin wannan bincike da kansu.

Darasin ladubban bincike kuwa bai kamata a ɗauke shi a matsayin cike gurbi ba, domin tarihin fannin yana da tabo. Da sunan gyara irin ɗan Adam aka yi wa mutum fiye da 60,000 aikin hana haihuwa na dole a Amurka a ƙarni na 20, gwamnatin Nazi ta Jamus kuma ta kafa dokar irin wannan a 1933, kuma masana masu digiri ne suka ba waɗannan manufofi rigar ilimi. An ɗebi ƙwayoyin ciwon dajin Henrietta Lacks a Baltimore a 1951 ba da saninta ba, aka yi ta amfani da su a duniya, har aka wallafa kundin gadonsu a 2013 ba tare da an tuntuɓi zuri'arta ba. A 2018 He Jiankui ya sanar da haihuwar tagwayen da ya sauya musu gado tun suna ɗan tayi, kotu a ƙasar Sin ta ɗaure shi shekara uku. Bayanan gado sun bambanta da sauran bayanan lafiya ta fuskar cewa ba na mutum ɗaya ba ne, duk abin da aka gano a jinin mutum ya faɗi wani abu game da iyayensa da 'yan'uwansa da 'ya'yansa, waɗanda ba su sa hannu a kan takardar amincewa ba.

Ga wanda ya ƙuduri shiga, shawarar da na fi ba muhimmanci ita ce ya dubi malamin da zai duba aikinsa fiye da yadda yake duban sunan jami'a, domin a hannun wannan mutum ne shekarunsa za su kasance. Ya karanta maƙalun da ɗakin gwajin ya fitar a 'yan shekarun nan, ya ga ko sunayen ɗalibai suna zuwa a farko, ya tambayi waɗanda suka gama shekara nawa suka yi da kuma inda suke yanzu, ya kuma tabbatar da cewa kuɗin tallafin zai kai shi ƙarshen karatun. Ya shigo da ɗan sanin ƙididdiga da rubuta umarnin kwamfuta, ko da shi ya koya wa kansa, ya kuma saba da karanta maƙala yana fara duba hotuna da hanyar gwaji kafin ya karanta abin da marubutan suka ce sun gano. Ya san kuma cewa kujerun koyarwa a jami'a ba su kai yawan masu kammala digiri na uku ba, amma ƙofofin suna da yawa: kamfanonin haɗa magunguna, cibiyoyin inganta iri na amfanin gona da dabbobi, binciken laifuka, da hukumomin sa ido a kan annoba, irin aikin da ya ba masana a Botswana da Afirka ta Kudu damar gano nau'in Omicron na cutar korona a watan Nuwamba na 2021.

Ɗakin gwajin asibiti shi ne wurin da nauyin wannan horo ya fi fitowa fili. Bisa ƙa'idar da ƙungiyoyin masana na Amurka suka fitar a 2015, wadda ake bi a ƙasashe da dama, duk sauyin da aka gani a majiyyaci ana sanya shi a ɗaya daga cikin matakai biyar: mai cutarwa, mai yiwuwar cutarwa, wanda ba a san matsayinsa ba, mai yiwuwar rashin illa, da mara illa. Matakin tsakiya ne ya fi damun kowa, domin mace tana iya yin gwajin ƙwayar gadon BRCA1 saboda ciwon dajin mama ya yawaita a danginta, a ce mata an ga sauyi amma ba a san ko yana da haɗari ba, alhali tana son ta yanke shawara a kan tiyata, kuma irin wannan amsa ta fi yawa ga mutanen da ba a yi nazarin al'ummominsu sosai ba. A 2018 wata tawaga a Jami'ar Washington da ke Seattle ta yi amfani da CRISPR ta ƙirƙiri sauye-sauye kusan 4,000 a muhimman sassan BRCA1, ta gwada kowanne a ƙwayoyin da ake raino don ganin wanda ke lalata aikin ƙwayar gadon, sakamakon kuma ya yi daidai ƙwarai da abin da aka riga aka sani game da sauye-sauyen da aka tantance a baya. Ɗakunan gwajin asibiti suna amfani da irin wannan hujja wajen sake duba sauye-sauyen da ke matakin tsakiya, kuma ƙwayoyin gadon da ke da hannu a cututtuka waɗanda ba a yi musu irin wannan gwaji ba sun kai dubbai.